Abin da Yadi Yake Ɓoyewa: Katakon Kujera da Shimfiɗar Mazauni Wajen Sabunta Kushin

Idan Sallah ta gabato, ko aka sa ranar bikin wata 'ya a gida, akan ga kujerun falo ɗaure a bayan a-kori-kura ana kai su wurin masu gyaran kushin, kuma yawanci cinikin da ake yi tsakanin mai kujera da mai gyara ba ya wuce launin yadi, da yawan yadin da za a saya, da kuɗin hannu. Ba kasafai ake jin wanda ya tambayi halin da katako yake ciki ba, alhali kuwa kujerar da ta lotsa a tsakiya, ko take kuka idan an zauna, ko hannunta yake girgiɗi, ciwonta yana can ƙarƙashin soso inda ido ba ya kaiwa. Sa wa irin wannan kujera sabon yadi ba tare da an taɓa cikinta ba shi ne ainihin kitso da ƙwarƙwata, domin za ta dawo gida tana sheƙi, kafin 'yan watanni ta koma gidan jiya, kuma a lokacin gyaran zai fi tsada tunda sai an sake kwance yadin da aka riga aka biya kuɗinsa.

Kujerar kushin hawa-hawa ce. A can ƙasa akwai ƙwarangwal na katako, wanda kafintoci suke kira firam, wato katakon gaba da ke bayan ƙwaurin mai zama, da na baya, da na gefe biyu, da ginshiƙan da suke ɗauke da hannuwa da majingina, sai kuma wasu siraran katakai da ba sa ɗaukar nauyin kowa, aikinsu kawai a jawo yadi ta tsakaninsu a kafe shi a jikinsu. A kan ramin da ke tsakanin katakon gaba da na baya ake ɗaura abin da yake ɗaukar nauyin mutum, ko sifirin na ƙarfe, ko ɗamarar roba, ko ta zaren algarara. A bisansa ake shimfiɗa buhu ko yadi mai kauri, sannan siririn soso, sannan yadin da matashin zama yake hawa kai. Waɗannan na sama duka su ne shimfiɗar mazauni, kuma ƙarfinsu bai wuce ƙarfin katakon da aka kafe su a jikinsa ba, shi ya sa mai gyaran da ya san aikinsa yake fara gamawa da firam kafin ya waiwayi sauran.

Kwance kujera ma yana da ƙa'ida. Abin da aka sa a ƙarshe lokacin da aka ƙera ta shi ake fara cirewa: a kifa ta a yaye baƙin ƙyallen da ke rufe ƙasanta, a cire yadin bayan majingina, a bi da na wajen hannuwa, sannan na cikin majingina da na cikin hannuwa, shimfiɗar mazauni ta zo a ƙarshe. Wajen mayarwa kuwa sai a juya lissafin, mazauni ya zama na farko. Tsohon yadi ba abin yagewa ba ne, domin shi ne ma'aunin da za a yanka sabo a kansa, don haka akan rubuta wa kowane yanki sunansa da alli, a kuma ɗauki hotonsa da waya kafin a cire shi. Aikin da ya fi cin rai, wanda kuma yaran shago suka fi yi wa ha'inci, shi ne zare tsofaffin ƙananan ƙusoshi da fil-fil ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda aka bari a ciki zai tare hanyar sabo, ko ya huda yadi daga ƙasa, ko ya yi tsatsa ya ɓata shi.

Na taɓa tsayawa a kan wata kujera tamu mai cin mutum uku lokacin da aka kifa ta a ƙofar shago aka yaye ƙyallen ƙasa. Katakon da ya gitta tsakiya ɓawonsa ma ba a kankare ba, a gefe ɗaya an yi ƙari da falankin akwatin kaya wanda har rubutun jikinsa yana nan, an toshe bayan majingina da kwali, sannan ƙusa mai inci uku ce kaɗai take riƙe da kowace kusurwa, babu gam babu tokara. Mai gyaran ya sa bakin sukundireba a katakon gaba ya danna, sai ya nutse kamar a cikin burodi, wani gari mai laushi ya zubo ƙasa. Ya ɗago ya ce mini, "Malam, in ka ce in rufe haka zan rufe, amma kada ka ce ban nuna maka ba." Wannan nunawa ita ce alamar farko da nake gane mai gyara na ƙwarai da ita, domin wanda yake son ya cuce ka ba zai taɓa kiranka ka ga kujera tsirara ba.

Binciken firam yana farawa da girgizawa. A kama hannu ɗaya a tura shi ciki da waje, a ɗaga ƙafar gaba ɗaya kamar tsawon ɗan yatsa a ga ko ɗayar ƙafar gaban za ta biyo ta, domin idan ta zauna a ƙasa firam ɗin yana murɗewa ke nan, mahaɗansa sun saki. Dalilin sakin a ƙasarmu ya fi alaƙa da ruwan da ke cikin katako. Yawancin katakon da ake sayarwa a kasuwanni irin su 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano daga dazuzzukan kudu yake fitowa, kuma sau da yawa ana ƙera kaya da shi bai gama bushewa ba. Katako yana fara ƙanƙancewa ne idan ruwan jikinsa ya sauka ƙasa da kimanin kashi 30 cikin 100, yana kuma ƙanƙancewa ta faɗi da kauri, ta tsawo kuwa kusan ba ya motsi. A lokacin hunturu, sa'ad da danshin iska a Kano yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, katakon yana tsotsewa ƙwarai, da damina kuma ya sake kumbura. Wannan shiga da fita ta kowace shekara ita take faɗaɗa ramin ƙusa, ta fasa busasshen gam, har kujerar da aka ƙera daram ta wayi gari tana rawa ba tare da kowa ya yi tsalle a kanta ba.

Maganin mahaɗin da ya saki a wurin mai gaggawa shi ne ƙarin ƙusa, wanda gyaran gangar Abzinawa ne, saboda kowace sabuwar ƙusa da aka buga kusa da bakin busasshen katako tsaga shi take ƙara yi. Abin da ya dace shi ne a buɗe mahaɗin gaba ɗaya, a kankare tsohon gam har sai an kai ga farin katako, domin farin gam na kafintoci yana kamawa ne ta hanyar shiga ƙofofin katako, ba ya kuma riƙe busasshen gam ɗan'uwansa. Idan da 'yan sandunan katako aka haɗa mahaɗin tun asali kuma sun karye, sai a huda a fitar da guntayensu a sa sababbi masu cika ramin. Bayan an shafa gam a matse da kilam, wato ƙarfen matse katako, a bar shi ya kwana ya wuni kafin a ɗora masa nauyi. Gam ɗin nan mai kauri da ake manna soso da shi ba na wannan wuri ba ne, domin ko ya bushe yana nan da taushin roba. Kafin gam ya kama, akan auna daga kusurwar hagu ta gaba zuwa ta dama ta baya, a sake aunawa ta ɗaya ɓangaren, idan awon biyu bai zo daidai ba firam ɗin ya karkace, kuma duk yadin da aka ɗaura masa zai nuna karkacewar. Daga nan sai tokara, wato guntun katako mai kusurwa uku da ake mannawa a cikin kowace kusurwa da gam, a ɗaure shi da sukuru bayan an fara huda masa hanya. Kuɗin tokara huɗu bai taka kara ya karya ba, amma ita take hana kusurwa buɗewa idan aka ja kujera a kan daɓe lokacin shara.

Akwai kuma katakon da ƙusoshi suka cinye. Kujerar da aka yi wa sabon yadi sau biyu ko uku, bakin katakonta yakan zama kamar rariya, sabon fil ya shiga amma bai kama komai ba. Idan ɓarnar ba ta yi zurfi ba, akan kwaɓa garin katako da gam a cike ramukan, a bari ya bushe a goge da samfefa. Idan ta yi zurfi, gara a yanke wurin a manna sabon katako, ko a jingina masa wani daga ciki a ɗaure su tare. Katakon gaba kuwa, idan ya tsage ko ya ruɓe, sauya shi ɗungurungum ya fi, tunda shi yake shan nauyin duk wanda ya zauna a baki ko ya dafa zai tashi. Zaɓen katakon da za a sauya da shi yana buƙatar tsaka-tsaki. Obeche da ire-irensa na farin katako ba su da nauyi kuma suna da araha, sai dai ba sa riƙe fil da kyau, ƙwari kuma suna son su. Kawo yana da taurin da fil yake lanƙwashewa a kansa, ƙusa kuma ta tsaga shi idan ba a huda ba. Maɗaci da loko sun fi dacewa da wuraren ɗaukar nauyi, muddin sun bushe, kuma ba ɓangaren nan mai haske na kusa da ɓawo aka ba ka ba, domin nan ne ƙwaro yake samun abincinsa.

Garin da ya zubo daga kujerarmu aikin wani ɗan ƙwaro ne da tsutsarsa take cin katako daga ciki, ta bar 'yan ramuka kamar hujin allura a waje. Gara kuwa takan bar ƙasa a inda ta bi, ta cinye ciki ta bar fatar katako kamar lafiyayye. Duk katakon da sukundireba ya nutse a cikinsa ya gama aiki, a cire shi a ƙone, sauran kuma a shafa musu maganin katako a bar su su sha iska sosai kafin a rufe. Wasu suna shafa baƙin mai na inji da sunan kashe gara, wanda a ganina bai dace da kayan falo ba ko kaɗan, saboda yana hana gam kamawa, yana lalata roba, yana ratsa soso ya fito a yadi, warinsa kuma yakan tashi duk lokacin zafi. Lokacin da kujera take tsirara ne kuma ake iya ganin ko kuɗin cizo ya yi gida a tsagogin katako, inda yakan bar ɗige-ɗigen baƙi. Zafin da ya kai digiri 50 yana kashe shi har da ƙwansa idan ya ratsa maɓoyarsa, don haka ruwan zafi ko tururi a kan tsagogin, tare da zubar da tsohon soso, ya fi aminci a kan tsiyaya maganin ƙwari na gona a cikin abin da yara za su kwanta a kai.

Idan firam ya tsaya, sai a koma ga abin da zai ɗauki nauyi, kuma a nan ne ra'ayoyi suka fi rabuwa. Mafi araha shi ne a jera falankai a ɗora soso a kai. Wannan ba ya lotsawa, amma duk nauyin yana ƙarewa a kan soso, wanda yake matsuwa tsakanin mutum da katako har ya mutu da wuri. Sai robar tsohuwar taya da ake yankawa tsiri-tsiri a kafe da ƙusa, wadda ta zama ruwan dare a shagunanmu. Ba na raina ta, domin wadda aka yanka da kauri ɗaya aka ja daidai takan daɗe, matsalarta ita ce kaurin ba ya zuwa ɗaya, wani tsirin ya yi tauri wani ya yi sanyi, zafi kuma yana busar da ita har ta tsattsage daga bakin ƙusa. Ɗamarar roba ta kamfani mai faɗin inci 2 ta fi ta daidaito, ta algarara kuma mai faɗin inci 3 da rabi ba ta miƙewa, shi ya sa aka fi sa ta a ƙarƙashin sifirin mai naɗi. Ko wace aka zaɓa, ana fara kafe ta tsakiya ne a bi zuwa gefuna, a saƙa na tsaye da na kwance kamar tabarma, wannan ta bi ta sama waccan ta bi ta ƙasa, domin nauyin da ya sauka a kan ɗaya ya rabu a kan sauran. Tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce faɗin ɗamarar kanta. Mai rowar kaya a nan yake cin riba, ya sa huɗu a inda ake buƙatar bakwai.

Sifirin mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji shi ne ya fi yawa a kujerun kamfani. Ana kafe shi daga katakon baya zuwa na gaba da 'yan maƙalai na ƙarfe, tsakanin kowane ɗaya da na kusa da shi kimanin santimita 10 zuwa 13, kuma yana tashi ya yi ɗan doro a tsakiya maimakon ya kwanta. Na mazauni ya fi na majingina kauri, wayarsa takan kai kusan milimita 4, kuma duk wanda ya sa siririn na majingina a mazauni ya gina lotsawa tun daga ranar farko. Ana haɗa su a kwance da layi biyu na waya ko igiya mai ƙarfi, don kada ɗaya ya nutse shi kaɗai ko ya kwanta gefe. Sau da yawa idan mutum ya ji ya faɗa rami a kujera, sifirin bai karye ba, maƙalinsa ne ya fizge daga katakon da ya rube, kuma ƙarar da ake ji ta ƙarfe yawanci daga maƙalin da rufinsa na ciki ya cinye take fitowa. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne jan da waɗannan sifirin suke yi dare da rana, ko babu kowa a zaune, suna jawo katakon gaba da na baya zuwa juna. A kujera mai cin mutum uku, wadda tsakanin hannuwanta ya kusa mita 2, dole a sami katakai biyu da suka gitta daga gaba zuwa baya suna tokare wannan ja, kuma a fafe samansu ko a saukar da su ƙasa, in ba haka ba mai zama zai riƙa dukan katako duk lokacin da sifirin ya sauka. Sifirin mai naɗi kuwa, wanda ake ɗaure kansa da igiya ta fuska takwas, ya fi kowane daɗin zama, kuma idan aka same shi a tsohuwar kujera asara ce a cire shi don kawai ɗaurinsa yana cin lokaci, tunda galibi igiyar ce take tsinkewa ƙarfen yana nan lafiya.

A kan sifirin ko ɗamara ba a ɗora soso kai tsaye, domin ƙarfe zai yanka shi sannu a hankali har ya riƙa zubo da gari. Buhun algarara ko wani yadi mai kauri ake fara shimfiɗawa, a kafe shi ba tare da an ja shi ƙam ba, saboda idan ya fi sifirin tauri shi zai ɗauki nauyin ya yage. Buhun leda na shinkafa da wasu suke sawa yana ƙara idan an motsa, yana kuma ruɓewa ya zama gari. A bakin katakon gaba akan kafe wani naɗi mai ɗan tauri, mai kaurin babban yatsa ko fiye, wanda yake hana kaifin katako cin yadi da cinyar mai zama, ya kuma ɗaga bakin mazauni kaɗan yadda matashi ba zai riƙa zamewa gaba ba. Yadin saman shimfiɗar kashi biyu ne da aka ɗinke: na gaba, wanda ake gani, daga yadin kujerar ake yanka shi ya shiga ciki kamar faɗin tafin hannu, na baya kuma da matashi yake rufewa akan yi shi da akoko mai kauri ko wani yadi maras santsi, wanda ya fi araha ya kuma fi riƙe matashi. Wannan ɗinkin da ya haɗa su ana kama shi da lanƙwasasshiyar allura a jikin buhun ƙasa, daga wannan hannu zuwa wancan, don ya zauna a miƙe ya bar ɗan kwari a bayan naɗin. Idan aka tsallake wannan kamu, shimfiɗar takan kumbura, a ga rata tsakanin matashi da bakin kujera.

Tsayin mazauni daga ƙasa, idan an haɗa da matashi, yakan kama tsakanin santimita 43 zuwa 46, kuma bayansa yana ɗan sauka ƙasa da gabansa. Wanda ya sauya sifirin da falanki, ko ya ƙara kaurin soso bai rage wani abu ba, zai ɓata wannan awo, sai a ga hannuwan kujera sun yi ƙasa, ƙafar gajeren mutum tana lilo. Game da soson kansa, taurinsa da nauyinsa abubuwa biyu ne daban, kuma nauyin ne yake nuna daɗewa, don haka na zama ya kamata ya kai kilo 30 ko fiye a kowane curi mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya da kaurin mita ɗaya.

Ba kowace kujera ce ta cancanci wannan wahala ba. Idan ƙwaro ya ci fiye da rabin katakon, ko kuwa an yi firam ɗin da allon garin katako da aka matse, wanda yake kumbura idan ya sha ruwa kuma ba ya riƙe sukuru sau biyu a rami ɗaya, to ƙera sabon firam ya fi sauƙi a kan faci. Tsohuwar kujera mai nauyi ta maɗaci kuwa, ko da duk mahaɗanta sun saki, ta fi yawancin sababbin da ake jerawa a bakin titi, kuma ita ce ta fi dacewa a kashe wa kuɗi. Shi ya sa ya kyautu a raba ciniki gida biyu tun farko, kuɗin katako da shimfiɗa daban, na yadi da ɗinki daban, a kuma yi sharaɗi cewa ba za a rufe ba sai mai kujera ya zo ya gani. Idan ya zo, ya ɗora matashi a kan shimfiɗar ya zauna a tsakiya, ya koma kowane gefe, ya zauna a baki ya tashi yana dafa hannu, ya kasa kunne ko zai ji ƙara, ya kuma leƙa ta ƙasa ya ƙirga ɗamara da tokara da idonsa. Bayan haka ne za a ɗaura yadin hannuwa da na majingina, a kifa kujerar a kafe baƙin ƙyallen ƙasa, a ɗaura ƙafafu masu tsayin da zai raba katako da danshin daɓe ya kuma bar tsintsiya ta shiga.